Fyaɗe ga ƙananan yara: abin da ɗaukaka ƙara ke nufi ga iyalai a Magaria da Dungass

Iyalin da aka yi wa ’yarsu fyaɗe a Wacha, ko Bande, ko Dogo-Dogo, in har suka daure suka kai maganar gaban hukuma, rana ɗaya suke jira: ranar da alƙali zai faɗi shekarun da mai laifin zai yi a gidan kaso. Da yawa kan fito daga kotu da zaton magana ta ƙare. Bayan ’yan makonni sai labari ya iso gari cewa mutumin ya ɗaukaka ƙara, za a sake zama, kuma mai yiwuwa a sake kiran yarinyar. Daga nan rai kan ɓaci, a fara raɗe-raɗin cewa kuɗi sun yi aikinsu.

Sau da yawa babu hannun kuɗi a ciki. Doka ce ta ba da dama, kuma a manyan laifuka damar ba ta daɗe ba a Nijar, shi ya sa har yanzu mutane ba su saba da ita ba. Gundumar Magaria da ta Dungass, wadda aka cire daga jikin Magaria a 2011, suna cikin wuraren da suka fi cunkoson jama’a a ƙasar. Ƙidayar 2012 ta ba Magaria mutum sama da 570,000, Dungass kuma sama da 350,000, kuma tun daga lokacin adadin sai ƙaruwa yake. Yawancin wannan jama’a yara ne. Duk da haka, babbar kotun da ke da hurumin yanke hukunci kan fyaɗe tana Damagaram, kimanin kilomita 90 arewa da garin Magaria. Kotun ɗaukaka ƙara ma tana can. Mataki na ƙarshe kuwa yana Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram.

Kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda aka kafa a 1961 aka kuma yi masa babban gyara a watan Yunin 2003, ya tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ga wanda ya yi fyaɗe. Idan wanda aka yi wa bai kai shekara 13 ba, ɗaurin ya zama shekara 15 zuwa 30. Hukuncin yana ƙara nauyi idan mai laifin uba ne, ko malami, ko wani mai iko a kan yaron. A ƙarƙashin wannan akwai wani laifi mai sauƙin hukunci, wanda Faransanci ke kira attentat à la pudeur, wato taɓa mutuncin yaro ba tare da an kai ga fyaɗe ba. Idan an yi shi ga ɗan ƙasa da shekara 13 ba da ƙarfi ba, ɗaurinsa daga shekara 2 ne zuwa ƙasa da 10. Wannan rabe-raben shi ke yanke inda fayil zai nufa. Ƙaramin laifi kotun Magaria na iya yin shari’arsa a gida. Babban laifi sai alƙalin bincike ya gama aikinsa, a tura shi Damagaram.

Kafin 2019, manyan laifuka suna zuwa ne gaban kotun da ake kira Cour d’assises, wadda Nijar ta gada daga Faransa, inda alƙalai ke zama tare da wasu zaɓaɓɓun mutanen gari. Abin da wannan kotu ta yanke ya zauna. Wanda aka ɗaure ba shi da ikon neman wata kotu ta sake sauraron shaidu. Abin da ya rage masa shi ne ya kai kuka kotun ƙoli cewa an karya doka wajen gudanar da shari’ar, ita kuma ba ta duba ko ya aikata ko bai aikata ba. Abin mamaki, ɓarawon akuya da aka ɗaure wata shida yana da damar a sake duba shari’arsa daga tushe, wanda aka ɗaure shekara 20 kuwa ba shi da ita. Ga kuma matsalar jinkiri, domin wannan kotu ba kullum take zama ba, sai an ware mata kuɗi an buɗe zama na musamman, mutane kuma na tsare shekara da shekaru suna jiran layi.

Gyaran da aka yi wa kundin tsarin shari’ar laifuka a watan Nuwamban 2019 ya soke wannan tsari, ya kafa sassan manyan laifuka, chambres criminelles, a cikin manyan kotuna da kuma kotunan ɗaukaka ƙara. Tun daga nan wanda babbar kotun Damagaram ta samu da laifin fyaɗe yana iya neman kotun ɗaukaka ƙara ta sake sauraron maganar gaba ɗaya. Nijar ta cika ne wani alkawari da ta ɗauka tun 1986, lokacin da ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan ’yancin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda sashenta na 14 ya ce duk wanda aka samu da laifi yana da haƙƙin wata kotu ta sama ta duba hukuncinsa.

Faransa kanta sai a watan Yunin 2000 ta yi irin wannan gyara, kuma ba a jima ba ta ga amfaninsa a kan wannan batu na yara. A shari’ar Outreau, wani gari a arewacin ƙasar, an gurfanar da mutum 17 a 2004 bisa zargin lalata da yara. Kotun farko ta wanke 7, ta ɗaure 10. Shida daga cikin waɗanda aka ɗaure suka ɗaukaka ƙara, kuma a ranar 1 ga Disamban 2005 kotun Paris ta wanke su duka, bayan babbar mai ba da shaida a kansu ta amsa cewa ƙarya ta yi. Wani daga cikin waɗanda aka zarga ya riga ya mutu a tsare tun kafin a fara shari’a. Abin da aka cika mantawa da shi game da Outreau shi ne cewa yaran an cuce su da gaske. Kotu ta amince da yara 12 a matsayin waɗanda aka zalunta, kuma mutum huɗu sun ci gaba da zaman kaso. Binciken da aka yi da gaggawa ne ya haɗa mai laifi da marar laifi a igiya ɗaya, kuma daga baya maganar yara ce ta yi asarar daraja a idon alƙalan Faransa na tsawon shekaru.

Saboda haka masu cewa bai kamata a bar mai fyaɗe ya ɗaukaka ƙara ba suna tsallake wani mataki. Kafin hukunci ya tabbata, wanda ke tsaye a gaban alƙali wanda ake zargi ne, kuma a yankin da rigimar gona, ta gado, ko kishi tsakanin gidaje ke iya rikiɗewa ta zama ƙara, ɗaurin shekara 20 ba abin da za a bar wa zama ɗaya ba ne. Tambayar da ta fi dacewa ita ce ko tsarin, yadda yake tafiya a jahar Damagaram, yana kare yaron a zama na biyu kamar yadda yake kare wanda aka ɗaure. A nan akwai gyara da yawa.

Abu na farko da ke ba iyaye mamaki shi ne cewa ba su da ikon ɗaukaka ƙara a kan yawan shekarun ɗauri. A tsarin shari’ar Nijar, wanda ke neman hukunci a madadin al’umma shi ne mai shigar da ƙara na gwamnati. Iyayen yaro, idan sun shiga shari’ar a matsayin masu neman diyya, haƙƙinsu na ɗaukaka ƙara ya tsaya a kan diyyar kawai. Idan suna ganin shekarun sun yi kaɗan, ko an wanke wanda suke zargi, sai dai mai shigar da ƙara ya ɗaukaka. Akwai kuma wata ƙa’ida da lauyoyi suka sani, talakawa ba su sani ba: idan wanda aka ɗaure ne kaɗai ya ɗaukaka ƙara, kotun sama ba ta da ikon ƙara masa hukunci. Ko dai ta bar shi yadda yake, ko ta rage, ko ta wanke shi. Sai idan mai shigar da ƙara shi ma ya shigar da tasa ne alƙalan ke samun damar ƙarawa. Don haka fursunan da ya ɗaukaka shi kaɗai ba shi da abin da zai rasa, kuma iyalin da ba su je ofishin mai shigar da ƙara sun tambaya ba suna iya wayar gari an rufe wa’adi.

Wa’adin kuwa gajere ne, ana lissafa shi da kwanaki. A ƙananan laifuka kwana 10 ne. Ana shigar da buƙatar ne a ofishin magatakardan kotun da ta yanke hukuncin, wanda ke tsare kuma yana iya bi ta hannun shugaban gidan kaso. Ga mutumin da ke cikin kaso a Damagaram wannan takarda ɗaya ce. Ga manomin Gouchi da ya koma gida cikin damina, ba ya jin Faransanci, ba wanda ya fassara masa abin da aka karanta a ƙarshen zama, kwana 10 kan wuce kafin ya gane cewa akwai wani wa’adi.

Idan aka zo zama na biyu, abin da aka fi kai wa hari shi ne shekarun yarinyar. Tunda doka ta ja layi a shekara 13, lauyan wanda aka ɗaure ba sai ya nuna cewa babu abin da ya faru ba. Ya isa ya jefa shakka a kan ko yarinyar ta cika 13 a ranar. Binciken lafiya da yawan jama’a na 2012 ya nuna cewa kusan kashi 64 cikin 100 ne na yara ’yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a Nijar, kuma a karkara abin ya fi haka ƙasa. Yaran da aka haifa a wancan lokaci su ne ’yan mata da samarin yau. Da yawansu takardar da suke da ita ta kotu ce, wadda aka yi daga baya lokacin shiga makaranta ko jarrabawa, da shaidu biyu da ƙiyasin ido. Wasu takardun ma cewa suke an haife ta wajen shekara kaza, babu rana babu wata. Takardar da aka nema bayan an riga an kai ƙara ta fi kowace rauni, domin lauya zai ce an tsara ta ne don shari’ar. Dokar rajistar jama’a ta 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa. Uban da ya yi sakaci da wannan bai san cewa wata rana shekara 15 na ɗaurin wanda ya cuci ’yarsa na iya rataya a kan wannan ’yar takarda ba.

Maƙwabciya Najeriya ta ba da misali a kwanan baya. A watan Oktoban 2023 wata kotu a Ikeja ta yanke wa wani sanannen likitan Legas, Femi Olaleye, ɗaurin rai da rai bisa zargin lalata da wata yarinya ’yar uwar matarsa. A ranar 29 ga Nuwamban 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin ta sallame shi. Cikin dalilanta akwai saɓani a maganganun shaidu, da kuma cewa masu gabatar da ƙara ba su tabbatar da shekarun yarinyar yadda doka ke so ba. Gwamnatin jihar Legas ta wuce kotun ƙoli. Wannan a Legas ne, birnin da ke da kotu ta musamman kan irin waɗannan laifuka, da cibiyoyin kula da waɗanda aka ci wa zarafi, da lauyoyi ba adadi. Idan fayil na iya rushewa a can a kan shekaru, sai a auna yadda zai kasance da fayil ɗin da aka haɗa a ofishin jandarma na karkara.

Wata shari’ar da ta fi kusa da ƙasar Hausa ita ce ta Yunusa Dahiru, wanda aka fi sani da Yellow, ɗan jihar Kano. A 2015 ya ɗauko wata yarinya da ba ta wuce shekara 14 ba daga Yenagoa ta jihar Bayelsa ya kawo ta Kano, kuma ta haihu bayan an mayar da ita ga iyayenta a 2016. A watan Mayun 2020 babbar kotun tarayya ta Yenagoa ta ɗaure shi shekara 26, jimillar hukunce-hukunce huɗu da za a yi ɗaya bayan ɗaya. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta wanke shi ba, amma zaman ya koma shekara 7, kuma a 2023 ya fito. Surutun da aka yi a kan wannan shari’a ya koma na addini da ƙabila, kowane ɓangare da nasa gwarzo. Abin da ya dace mai bin shari’a ya lura da shi shi ne cewa ɗaukaka ƙara ba kullum take taɓa tambayar laifi ba. Sau da yawa abin da take sauyawa lissafin shekaru ne, kuma lambar da aka ji a rediyo ranar hukuncin farko ba ita ce ta ƙarshe ba.

Bayan shekaru sai takardar likita. A shari’ar fyaɗe ita ce shaidar da ba ta mantuwa kuma ba a iya lallashinta, amma darajarta na ga lokacin da aka yi ta. Cikin awa 72 na farko ne ake iya ba da maganin kariya daga cutar SIDA, kuma a wannan ɗan tsakanin ne alamomi ke nan. A ƙauyuka da yawa kwanakin nan na farko su ne ake kashewa a zauren mai gari ana neman yadda za a rufa asiri. An wanke yarinya, an wanke tufafi, sai bayan mako biyu da sulhu ya watse a nufi asibitin Magaria. Takardar da za a rubuta a lokacin layi biyu ce ko uku, kuma wanda ya rubuta ta mai yiwuwa an yi masa sauyin wurin aiki kafin a zo zama na biyu. A kotun farko, inda abin ke da ɗumi, irin wannan takarda kan wuce. A kotun ɗaukaka ƙara, inda alƙalai ke karanta fayil a natse, kowane gurbi yana fitowa fili.

Sai maganar yaron kansa. Yarinya ’yar shekara tara takan faɗi abin da ya same ta ga uwarta, ta maimaita wa jandarma, ta maimaita wa alƙalin bincike, ta maimaita a kotu, da Hausa, wani yana juyawa zuwa Faransanci yana rubutawa da kalmominsa. Bayan shekara biyu ko uku a ce ta sake faɗa. Babu yaron da zai ba da labari sau biyar ba tare da rana ta sauya ko launin riga ya bambanta ba, kuma waɗannan ƙananan bambance-bambance su ne abincin lauya. Faransa ta wajabta ɗaukar maganar yaron da aka yi wa irin wannan laifi a bidiyo tun 1998, don kada a yi ta jan sa yana maimaitawa. Abin da wannan ke buƙata bai wuce ɗaki mai natsuwa, da na’ura, da jami’in da aka horar ba. Ba shi cikin abubuwan da suka fi ƙarfin jahar Damagaram, kuma zai amfani ɓangarorin biyu, domin alƙalin sama zai ji ainihin abin da yaron ya faɗa da bakinsa, ya kuma ji irin tambayar da aka yi masa.

Batun lauya ma ba daidai yake ba tsakanin ɓangarorin. Dokar Disamban 2011 da ta kafa hukumar taimakon shari’a ta ƙasa, ANAJJ, ta sa wanda ake tuhuma da babban laifi da kuma yaron da aka zalunta cikin waɗanda ke da haƙƙin samun mai kare su kyauta. Amma kusan dukkan lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune, shi ya sa a jahohi ake dogara da wasu masu kariya da kotu ke naɗawa, waɗanda ba lauyoyi ba ne. Ba a yin shari’ar babban laifi sai wanda ake tuhuma yana da mai kare shi, don haka shi kotu dole ta nemo masa. Yaron kuwa, idan babu wanda ya nema masa, zama na iya tafiya ba tare da kowa a gefensa ba. Idan wanda aka ɗaure ɗan kasuwa ne ko mai dangi a Kano ko Libiya, lauya zai taso daga Yamai don zama na biyu. Ɗaya ɓangaren kuwa kuɗin mota ma sai an sayar da tunkiya.

Watannin da ke tsakanin hukuncin farko da zama na biyu su ne lokacin da matsin lamba ke dawowa. Dangin wanda aka ɗaure sun ga abin da gaske ne, sai a fara aike: dattawa, malamai, wani lokaci da kuɗi, wani lokaci da tayin aure. Ana tuna wa uban yarinya zumunta da maƙwabtaka, ana tuna masa cewa duk zaman kotu tonon asirin ’yarsa ne, wa zai aure ta. Dokar sarautun gargajiya ta 2015 ta ba sarakuna da masu gari ikon sasanta mutane a rigingimun al’ada da na dukiya, kamar gona, aure, bashi. Ba ta ba su ikon sasanta babban laifi ba. Haka kuma yafewar iyaye ba ta tsayar da shari’ar fyaɗe, domin ƙarar ta gwamnati ce. Sai dai a aikace, idan uwa ta ƙi zuwa, ko yarinya ta zo ta ce ba ta tuna ba, ko an aurar da ita an kai ta wani gari, fayil ɗin da dama bai da ƙarfi sai ya zube da kansa, ba tare da wani alƙali ya karɓi ko dala ba. Mutanen gari kuma su ɗora wa kotu laifi.

Akwai wani gurbi da ya fi wannan faɗi, wanda ba ya zuwa kotu ko kaɗan. Kariya ta musamman a kundin laifuka ta tsaya a shekara 13. Kundin dokokin zaman jama’a ya yarda a aurar da yarinya a shekara 15, namiji a 18, kuma yawancin aure a karkara bisa al’ada ake ɗaura shi, inda ba a tambayar takarda. Alƙaluman 2012 sun nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin 18, kashi 28 kafin 15, kuma jahohin Maradi da Damagaram ne kan gaba. Dokar gwamnati ta Disamban 2017 kan kare ’yan mata ’yan makaranta ta taimaka wajen riƙe wasu a aji, amma ba ta sauya shekarun aure ba. A irin wannan yanayi, abin da aka yi wa ’yar shekara 14 sai an nuna ƙarfi, ko tilas, ko barazana, ko yaudara kafin ya zama fyaɗe a idon doka, kuma aure na nan a matsayin ƙofar fita ga wanda ya yi. Fayilolin da ke isa kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram ɗan abin da ya tsira ne daga wannan rariya.

Iyaka ma tana da nata rabo. Magaria da Dungass suna jingine da Najeriya, kasuwannin Maigatari da Babura a jihar Jigawa kamar na gida suke, kuma wanda ya ji ana neman sa yana iya kwana a wata ƙasa a kan babur. Daga wancan gefen ne kuma ake jin kiran a tsananta hukunci. A watan Satumban 2020 jihar Kaduna, a zamanin gwamna Nasir El-Rufai, ta kafa dokar dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe, kuma duk lokacin da wani mummunan labari ya ɓulla a Damagaram ana samun masu cewa a kwaikwayi Kaduna. Fushin abin fahimta ne. Amma shekara 15 zuwa 30 ba ƙaramin hukunci ba ne, kuma raunin Nijar ba a nan yake ba. Hukuncin da ba a iya warwarewa yana sa alƙalin sama ya ƙara tsananta bincike kafin ya sa hannu, yana kuma sa iyali su ƙara ɓoyewa idan mai laifin kawu ne ko ɗan maƙwabci, wanda shi ne abin da aka fi gani.

Matakin ƙarshe, na Yamai, shi ne ya fi sauyawa a ’yan shekarun nan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, majalisar soja ta CNSP ta maye gurbin kotun soke hukunci da majalisar shari’ar gwamnati da kotu guda, Cour d’État, wadda aka kafa a ƙarshen 2023. Ita ce yanzu ke karɓar kukan wanda bai gamsu da hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ba, kuma kamar wadda ta gada, doka take dubawa, ba ta kiran shaidu. A watan Agustan 2025 gwamnati ta rusa ƙungiyoyin ƙwadago na fannin shari’a, ciki har da SAMAN ta alƙalai, matakin da lauyoyi suka yi tir da shi. Shari’ar fyaɗe a ƙauye ba ta siyasa ba ce, amma alƙalin da zai yi hukunci a kan mai ƙarfi a gari yana bukatar ya san akwai inda zai jingina.

Wata ƙofa kuma ta rufe. Nijar ta kammala fita daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025, kuma da haka ’yan ƙasar suka rasa hanyar kai sabuwar ƙara kotun ƙungiyar da ke Abuja. Wadda ta fi kowa nuna amfanin wannan kotu ita ce Hadijatou Mani, daga yankin Konni. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita a kan sefa 240,000 ga wani mutum da ya riƙe ta a matsayin wahaya, ya yi ta amfani da ita kusan shekara tara, ta haifa masa ’ya’ya. Da ta samu takardar ’yanci a 2005 ta auri wanda take so, kotunan gida suka yi ta juya maganar. Ƙaramar kotun Konni ta ba ta gaskiya, babbar kotu ta soke, kotun ƙoli ta soke na babbar kotu, kuma a 2007 ita ce aka ɗaure wata shida bisa laifin aure kan aure. Ɗaukaka ƙara ce ta fitar da ita daga kaso bayan kusan wata biyu, lokacin da kotun Yamai ta ba da umarnin a sake ta. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai gwamnati kotun CEDEAO, wadda a ranar 27 ga Oktoban 2008 ta samu Nijar da laifin kasa kare ta daga bauta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. A cikin wannan shari’a, wadda aka cuta tun tana yarinya ita ce fursunar da ta buƙaci kotun sama.

Ga iyalin Yekoua ko Dantchiao da ke da fayil a Damagaram yau, abin da ke hannunsu ƙanana ne amma suna da nauyi: lambar fayil, kwafin takardar haihuwa da ta likita a ajiye a gida, sunansu a rubuce a matsayin masu neman diyya, da tambaya ɗaya ga ofishin mai shigar da ƙara a makon da aka yanke hukunci, ko shi ma ya ɗaukaka. Ofishin ANAJJ yana cikin babbar kotun, kuma yaron da aka zalunta ba ya buƙatar takardar shaidar talauci kafin a ba shi mai tsaya masa.